Zubi, yanka ko bugun kamfani: wane kwafin faifai ne tsohon garmahonka zai iya ɗauka

Masu tsohon garmaho idan maganar yin kwafin faifai ta taso, abu na farko da ke fitowa daga bakinsu shi ne nawa ne. Ni kuma nakan ce a dakata tukuna, a fara gaya min wane inji ne zai juya faifan, domin amsar wannan ita ce za ta nuna ko kuɗin da za ka kashe zai yi maka amfani ko kuwa zubar da shi za ka yi. Garmaho na hannu, wanda ake wana shi da sifirin a ciki, kansa yana danna allura a kan faifai da nauyin da ya kai giram 100 har ma ya wuce. Na lantarki na zamani kuma giram 2 zuwa 3 ne kawai. Toh faifan da zai yi shekaru lafiya lau a ƙarƙashin giram 3 yana iya mutuwa a juyi ɗaya a ƙarƙashin giram 100, kuma mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba, wani ma shi kansa bai taɓa ganin garmaho na hannu yana aiki ba.

A nan Zariya akwai irin waɗannan injina a gidaje fiye da yadda mutane ke tsammani. Tunda layin dogo ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911 garin ya zama mahaɗa, kantunan Turawa suka kafu a Sabon Gari, unguwar PZ ma ai daga sunan kamfanin ciniki ta samo sunanta, kuma ma'aikatan reluwe da malaman makaranta da attajirai su ne suka riƙa sayen garmaho. Wanda aka fi gani shi ne mai kama da akwatin tafiya, irin samfurin 102 na kamfanin HMV da aka fara yi a 1931. Injin kam yana da rai, a yi masa mai a gyara sifirin ya tashi. Faya-fayan ne matsala. Sun tsage, sun guntule, wasu an goge su da allura ɗaya tsawon shekaru har layin ya yi fari, kuma an daɗe da daina buga irinsu, Indiya na cikin ƙasashen da suka ɗan jima suna yi har cikin shekarun 1960. Wanda ke da faifai ɗaya tilo na kiɗan da kakansa ke so, dole ya ji tsoron ɗora masa allura.

Sai an gane da me aka yi faifan asali kafin a gane dalilin da ya sa kwafi ke da wuya. Faifan 78 na da, wato mai juyi 78 a minti, shelak ne, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, amma mafi yawan jikin faifan ba shelak ɗin ba ne, garin dutse ne mai laushi aka cuɗa da shi tare da baƙin shuni. Da gangan aka yi haka. Garin dutsen nan shi ke cinye bakin allurar ƙarfe a juyin farko-farko har ta zauna daidai cikin layin, wato allura ce ke mutuwa faifai ya rayu, shi ya sa ake sayar da allurai 100 ko 200 a ɗan gwangwani kuma kowace ɗaya gefe ɗaya take yi a jefar. Duk wani kwafi na yau babu wannan garin dutsen a cikinsa yadda kamfanonin wancan zamani suka yi shi. Don haka a kwafi, faifan ne ke shan wahalar da allura ta saba sha. Wannan ita ce gaskiyar da kowane lissafin farashi ya kamata ya tsaya a kanta.

Hanyoyi uku ake bi. Akwai zubi, a ɗauki siffar faifan asali da silikon, wata roba mai ruwa da ke daskarewa da laushi, a zuba rezin a ciki, wani ruwa da ke ƙanƙamewa ya yi tauri. Akwai yanka, a sa injin yanka ya zana sauti a kan farar roba ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma bugun kamfani da robar binil, irin yadda ake buga faya-fayan zamani.

Bari in fara da bugun kamfani don shi ne zan fi saurin wucewa. Ta fuskar tsabtar sauti babu kamarsa, ana yanka uwar faifai, a yi mata wanka da azurfa da nikel a fitar da tambarin ƙarfe, sannan a danna binil mai zafi da ƙarfin da ya kai tan 100. Amma kuɗin tambarin nan ɗaya ne ko kwafi 5 kake so ko 500, shi ya sa kamfanoni ba sa karɓar ƙaramar oda, yawanci daga 100 ne zuwa sama, kuma ba kowane kamfani ke yarda ya yanka a gudun 78 ba. Uwar faifan ma ta ƙara tsada tun da masana'antar Apollo da ke Kalifoniya ta ƙone a Fabrairun 2020, aka bar kamfani ɗaya a Japan yana ɗauke da duniya. Ka haɗa da dala da kuɗin jirgi da kwastan. Bayan duk wannan kuma binil yana da laushi, allurar ƙarfe tana kankare shi, za ka ga baƙin gari yana taruwa a bakinta, kuma jan da robar ke yi wa allura yana rage wa sifirin ƙarfi har muryar mawaƙi ta riƙa nauyi. Idan ƙungiya ce ko wata cibiyar tarihi ke son ta buga tsofaffin waƙoƙi ta rarraba wa masu na'urar lantarki, bugun kamfani ya dace ƙwarai. Ga mai garmaho na hannu kuwa ban ga dalilin ko tambayar farashinsa ba.

Yanka shi ne ya fi jan hankalin mutane, kuma na gane dalili. Kwafi ɗaya tak za a yi maka, ba ka buƙatar faifan asali ya bar ɗakinka, fayil kawai za ka tura, kuma duk abin da kake so za a iya zana maka, har muryar mahaifinka da aka ɗauka a kaset. Zubi ba ya iya wannan. Sannan idan faifan asalin yana da tsaga ko ƙaƙas-ƙaƙas, ana iya share su a kwamfuta kafin a yanka, kwafin ya fito ya fi uwarsa tsabta. Farashinsa ba ya sauka sosai ko ka ƙara yawa, domin kowane faifai sai mutum ya zauna ya yanka shi daga farkon waƙa har ƙarshe, kwafi 10 aiki 10 ne.

Amma robar da ake yankawa, ko folikabonet ce ko PVC, dole ta kasance mai laushin da wuƙar injin za ta iya shiga, kuma abin da wuƙa ta shiga cikin sauƙi allurar giram 100 ma za ta shiga. Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa, faɗin layi. Tun da Columbia ta fito da faifan LP a 1948 layin faifai ya koma siriri, bakin allurar zamani bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin allurar 78 ba ko kuma daidai nan. Yawancin masu injin yanka na yau siririn layin suke yi, ko da sun saita gudu a 78. Ka ɗora allurar garmaho a kai ba za ta shiga ciki ba, a saman take hawa tana tsalle tana yaga. Na uku shi ne gyaran sauti na RIAA da aka daidaita a 1954, inda ake rage kaurin sauti a ƙara sirantarsa lokacin yanka, na'urar lantarki kuma ta mayar da shi daidai lokacin saurare. Garmaho na hannu ba shi da abin mayarwa, abin da ke cikin layi shi zai fito ta bututu, sai ka ji waƙa ta zama tsiii babu kauri. Don haka wanda zai ba da odar yanka ya tambayi abu uku da bakinsa, shin layi mai faɗi ne, shin sauti ɗaya ne ba sitiriyo ba, shin an cire RIAA. Idan mai yankan bai gane tambayar ba, ka riƙe kuɗinka. Idan kuma na lantarki gare ka mai gudun 78 da kai mara nauyi, to yanka shi ne zaɓinka, ya fi sauƙi ya fi arha ga kwafi ɗaya, kuma ba ruwanka da duk wahalar da zan lissafa yanzu.

Zubi shi ne inda maganar take da yawa, kuma shi ne nake ganin ya dace da mai garmaho na hannu. Aikin kusan irin na masu zubin tukunyar alminiyam ne, da suke danna tsohuwar tukunya cikin ƙasa su zare su zuba narkakken ƙarfe a gurbin, sai dai nan silikon ne a madadin ƙasa, rezin a madadin ƙarfe. Ana kwantar da faifan asali a cikin ɗan akwati, a zuba silikon a kansa, ya daskare, a ɓare shi ya fito da kowane layi a juye, wannan shi ne mol. Sai a zuba rezin a mol ɗin. Abin da ya fito yana da faɗin layin asali, zurfin asali, sautin asali yadda injiniyoyin wancan zamani suka yanka shi don irin wannan injin, babu maganar RIAA kwata-kwata. Kuma rezin mai kyau idan ya gama ƙanƙamewa yana da tauri. Bai kai shelak juriya ba, kar wani ya ce maka ya kai, amma shi ne mafi kusa.

Illarsa ita ce ba ya zaɓe. Duk ƙarce, duk tsaga, duk ƙurar da ta maƙale cikin layi, silikon zai ɗauka ya ba rezin. Idan uwar ta gaji, ɗan ma a gajiye zai fito. Shi ya sa wankin faifai kafin zubi yake da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa da buroshi mai laushi ana bin layi, a bar shi ya bushe sarai. Don Allah kar a kusantar da sifirit ko wani abu mai alkohol, shelak narkewa yake a cikinsa, faifan zai lalace a gabanka. Takardar tsakiya kuma a rufe ta kafin a zuba silikon don man da ke cikinsa yana iya ɓata ta.

Yanzu ga inda ake cin kuɗi ko a yi asara. Silikon iri biyu ne a kasuwa. Mai arha, wanda ake daskarar da shi da sinadarin kuza, yana tsukewa, kuma yana ci gaba da tsukewa yana bushewa ko a ajiye yake. Mai tsadan, na filatinom, tsukewarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu ba kuma yana daɗewa. A faifai mai faɗi tsukewa daidai wa daida ba ta canza murya tunda juyin ɗaya ne, matsalar ita ce mol mai arha ba ya tsukewa daidai, wani ɓangare ya fi wani, sai faifan ya fito ba zagayayye sosai ba, allura tana lilo hagu da dama murya tana hawa tana sauka. Na filatinom kuma yana da nasa halin, idan ya taɓa safar hannu ta latas ko wani abu mai farar wuta ba zai daskare ba, zai tsaya yana danƙo a kan faifanka na gado, don haka a gwada ɗan kaɗan a kan faifan da ba a damu da shi ba tukuna. Duk da haka ni a nan ba na ba da shawarar rage kuɗi ko kobo. Mol sau ɗaya ake yi, duk kwafin da zai biyo baya daga shi zai gaji kyau ko muni.

Rezin ma haka. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne foliyesta, na masu aikin faiba, mai warin nan da ke hawa kai. Arha ne amma yana tsukewa da yawa, yana yin zafi lokacin daskarewa har ya lanƙwashe, fuskar da ta sha iska takan tsaya da danƙo, kuma yana da gautsi. Na ado ne, a rataye a bango. Ifoksi ba ya tsukewa sosai, yana ba ka lokaci kumfa ta taso ta fita, amma yana jinkirin ƙanƙamewa, kuma wasu nau'o'insa suna yin laushi da zafin da bai kai a ce komai ba, wanda zai ajiye faifai a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ya yi tunanin wannan. Foliyuretan mai tauri yana da ruwa-ruwa, yana shiga layi da kyau, yana daskarewa da sauri, sai dai maƙiyinsa danshi ne, ko ɗan tururin da ke cikin iska yana sa shi kumfa. Kuma kumfa ɗaya a cikin layi ƙas ɗaya ce a kunne, duk juyi, har abada. Wanda ke da injin zuƙe iska ya cire kumfa kafin zubi aikinsa zai fi tsada, kuma ya cancanci kuɗin.

Yanayin garinmu ma yana cikin lissafi. A watan Agusta da damina ta yi nisa, foliyuretan zai ba ka wahala saboda danshi. A Maris da Afrilu zafi yana rage lokacin aiki, kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacin biyu, kafin ka gama juyawa ya fara kauri a kofi. Hunturu ya fi dacewa, iska a bushe ga sanyi, amma ƙura ce sarauniya, sai ɗaki a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa tun da wuri ya bushe, a kife roba a kan mol da zarar an zuba. Tebur kuma a auna shi da ma'aunin magina, in ya karkata ko kaɗan gefe ɗaya na faifan zai fi kauri. Masu karatun sassaƙa a Samaru sun san aikin mol da rezin sosai, hannunsu ya saba, abin da za ka ƙara musu kawai shi ne su gane nan ba mutum-mutumi ba ne, kuskuren da ido ba ya gani kunne yana ji.

Bari in yi lissafi da lambobin misali kawai, kowa ya sa farashin ranar da yake karantawa. A ce mol ya ci naira 60,000, kowane zubi kuma 8,000. Kwafi ɗaya ya tsaya maka 68,000. Kwafi 10 kuwa 140,000, wato 14,000 kowane. Ka ga zubi aikin haɗin gwiwa ne, idan 'yan uwa ko abokai biyar shida suna son faifai ɗaya sai a haɗa kuɗin mol. Ko kai kaɗai ne ma ka zuba uku, ɗaya na saurare biyu na ajiya, tunda dama ka san zai gaji wata rana. Amma kar a zarce, mol yana tsufa, rezin yana cin fuskarsa a hankali, bayan 'yan gomomin zubi layin ya fara dusashewa, mai sayar da kwafi na 60 daga mol ɗaya a farashin na farko bai kyauta ba. Lissafi na biyu kuma shi ne wanda na fi so mutane su riƙa yi, kuɗin kowane saurare. Faifan 10,000 da ya mutu bayan juyi 5 ya ci maka 2,000 duk saurare. Na 25,000 da ya kai juyi 100 kuwa 250 ne. Wanne ne mai tsadan?

Akwai wuraren da za a rage kuɗi ba tare da an taɓa sauti ba, kuma suna da yawa. Gefe ɗaya ya isa. Mol mai fuska biyu yana da wuyar daidaitawa, ko kuma a zuba biyu a manne su baya da baya, duk ƙarin aiki ne da ƙarin damar kuskure, kuma ai faya-fayan farko duk gefe ɗaya ne, sai a 1904 Odeon ta yaɗa mai gefe biyu, don haka ba wani abin kunya ba ne. Inci 10 ya fi inci 12 sauƙi da arha, yana ɗaukar kamar minti 3. Launi, baƙi kawai, masu kala-kala da ƙyalli kuɗi ne a banza, wani garin kalar ma yana ƙara ƙara a cikin sauti. Takardar tsakiya a buga ta a kowane shagon kwamfuta. Jaka kuma takarda mai kauri ta wadatar. Amma kauri kar a rage shi don a tsimi rezin. Faifan shelak na inci 10 yana da nauyin kusan giram 200, nauyin nan shi ke riƙe shi a kan faranti, kwafi mara nauyi allura za ta riƙe shi faranti yana juyawa a ƙarƙashinsa. Ramin tsakiya ma a bar shi ya fito daga mol, kar a huda da hannu daga baya, ɗan kaucewa kaɗan ya isa ya sa murya rawa.

Akwai hanya ta huɗu da ba kwafi ba ce, kuma sau da yawa ita ce daidai. Idan faifanka na gama-gari ne, irin kiɗan Kuba na jerin GV da HMV ta fara fitarwa a 1933 ya cika Afirka, ko kiɗan Turawa ko na Indiya da aka buga dubbai, nemi wani na asali kawai ka saya, zai fi kowane kwafi juriya, wahalarsa ɗaya ce ya iso ba tare da ya fashe a hanya ba. Kwafi na faifan da ba shi da na biyu ne. Misali jerin EZ na Zonophone da aka ɗauka a Landan daga 1927 da muryoyin mutanen Afirka ta Yamma, har da Hausa a ciki, ko na Decca da aka yi wa kasuwar nan bayan yaƙin duniya na biyu. Irin waɗannan ba a wasa da su. Kuma kafin silikon ya taɓa su, a fara ɗaukar sautin a kwamfuta da na'ura mara nauyi da allurar 78 ta gaske, a ajiye a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kar a tura ta WhatsApp a matsayin murya don matse ta yake. Idan faifan yana da tsaga da ta kai tsakiya, ɓare mol yana iya ƙarasa shi, gara a tsaya a kwamfutar a yi yanka. Haka ma faya-fayan gidan rediyo masu alminiyam a ciki da baƙin fenti a sama, fentin nan ɓarewa yake, ba a zuba musu komai ba a kuma ɗora musu allurar ƙarfe.

Wanda Allah ya ba injin Edison kuma lissafinsa daban ne. Na gwangwani, wanda faifansa kamar kofi yake, yana juyi 160 a minti kuma wani dogon ƙarfe mai zare irin na noti ne ke tura kan a hankali, layi 100 a inci ga mai minti 2, layi 200 ga mai minti 4 da aka fito da shi a 1908. A nan tsukewar mol ko kaɗan tana sa layi ya saɓa da tafiyar kan, ko gwangwanin ya ƙi shiga sandarsa, don haka ba aikin gwaji a gida ba ne, akwai masu yin sababbi da rezin a Shefil ta Ingila, gara a saya a wurinsu. Faifan Edison mai kauri na 1912 zuwa 1929 kuma layinsa sama da ƙasa yake tafiya, da allurar daimon, garmaho na HMV ba ya karanta shi, allurar ƙarfe ma kashe shi take.

Wani abu da ke damuna, mutum zai kashe kuɗi mai yawa a kwafi ya ɗora shi a kan injin da kansa ya mutu. A cikin kan garmaho akwai tantani, ko na ma'adinin maika ko na alminiyam, zobban roba biyu na riƙe da shi. Bayan shekara 80 ko 90 robar nan ta zama dutse, tantani ba ya motsi, allura ba ta iya bin layi sai ta nome shi. Canza zobban nan da sa mai a gaɓar hannun ba su kai kuɗin zubi ɗaya ba, kuma su ne za su ninka ran kowane faifai da kake da shi, na asali da kwafi. Ka yi wannan tukuna. Sannan allura siririya mai sanyin murya, sabuwa a kowane gefe, ita ta fi tausaya wa rezin, mai kaurin tana da amo amma tana ci. Waɗannan masu ƙaton ƙahon tagulla mai ƙyalli da hoton kare da ake haɗawa a Indiya ana sayarwa a matsayin tsoho kuwa, yawancinsu kayan ado ne, hannunsu ba ya zama daidai a kan layi, ko kwafi ban yarda a ɗora musu ba.

Idan wani ne zai yi maka aikin, Alhaji, kar ka ji nauyin cewa ya ba ka na gwaji ɗaya kafin ka biya sauran. Ka juya shi sau 10 a jere da sabuwar allura kowane juyi, ka goga farin ƙyalle a bakin allura da kan faifan. Ɗan gari a juyin farko ba komai, amma idan a na goma har yanzu ƙyallen yana baƙi kuma wurare masu ƙarfin murya sun fara kakkaɗawa, rezin bai yi ba ko bai gama ƙanƙamewa ba. A ba shi mako guda a sake gwadawa, don rezin yana ci gaba da tauri bayan an cire shi daga mol. In bai canza ba a canza rezin. Ka kuma tambaye shi zubi na nawa ne wannan daga mol ɗin.

Sai maganar amana. Zubi mai kyau yana ɗauko har lambobin da aka zana kusa da takardar tsakiya, idan aka manna masa hoton takardar asali wanda bai sani ba zai ɗauka na 1930 ne, yau kai ka san kwafi ne, gobe magada ko dillali ba su sani ba ko su yi kamar ba su sani ba, ya zama algus. A rubuta KWAFI da shekarar da aka yi a kan takardar, a kuma zana shi a bayan faifan inda ba zai goge ba. Wanda zai sayar kuma ya san dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba sautin da aka ɗauka shekara 50, don haka faya-fayan 78 sun fita daga wannan, amma waƙar kanta tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma da yawa daga mawaƙanmu na wancan lokaci 'ya'yansu da jikokinsu suna nan da rai a garuruwan da muka sani. Na saurare a gida daban, na kasuwa kuwa a je a same su a yi magana kafin a zuba na farko.